Zanen Yatsa a Cikin Akwati

A Bur Sudan, shekarar da na yi famfara,
jirgi ya sauke alkama, da tayoyi, da siminti,
da wani akwati dogo da ya ɗara Ohaj ɗan dako tsayi.
Mutum huɗu suka kinkime shi suna nishi
har shagon Attayib mai gahawa,
aka jingine shi kusa da tulun ruwa.

Da aka kunna, sai dare ya bayyana a gilashi.
Dare da tsakar rana!
Duwatsu na yawo, babu ƙasar da za su faɗa,
ga ɗan jirgin haske kamar ƙwayar shinkafa
yana tofa musu wuta.
Kwabo ɗaya, rai uku.
Mu da aka ce rai ɗaya gare mu,
muka sayar da kwalaben banza muka sayi rayuka.

Wata bakwai ya yi yana kuka irin na tsuntsun da ba mu sani ba.
Sai iskar Bahar Maliya ta yi aikinta:
gishiri ya ci shi ta ciki, ya yi tsit.

Aka kira Kawu Haladu mai gyaran rediyo,
wanda kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, zai je Makka,
guzuri ya ƙare a bakin ruwa, ya zauna,
mu ne sauran tafiyar.
Kawu ya kwance ƙusa shida. Ni na riƙe masa tocila.

Na zaci zan ga taurari a ɗaure.
Sai ƙura, da mushen kyankyaso,
da koren allo mai hanyoyi sirara
kamar gari idan ka hango shi daga kan dutse.

Kawu ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, matso da wutar nan.
A kusurwar allon akwai zanen babban yatsa
da ya bushe cikin man dalma,
da rubutun fensir, baƙaƙe uku,
ba ajami ba, ba boko ba,
har akawun tashar jirgi ya kasa karantawa.
Gefensa wata jar waya, an ɗinka ta da hannu,
ta tsallake hanya biyu.

Ya ce: Nan ya yi kuskure.
Ya gano da dare, dubi yadda hannunsa ya yi rawa.
Shayinsa ya huce, na rantse.
Wataƙila matarsa ta gaji da jira ta rufe ƙofa.
Ya yi dariya, irin wadda maƙeri ke yi
in ya tsinci fartanyar wani maƙeri a gona.

Sunan kamfani ne a goshin akwatin, da manyan baƙaƙe.
Shi mai jar waya, ko oho.
Bai san akwai Bur Sudan ba,
bai san wani yaro mai giɓi
ya sha bulala saboda daren da ya ƙera ba.

Kawu ya yanko waya daga wata tsohuwar rediyo,
ya kankare tsatsa da reza,
ya ɗiga dalma, ya hura.
Duwatsu suka farka, yara suka kwashe da ihu.
Kafin ya rufe, na ga ya dangwali baƙin mai
ya danna yatsansa kusa da na wancan.
Bai yi bayani ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu shagon Attayib ya zama kantin magani.
Akwatin, tattabaru suka gaje shi, sannan murhu.
Kawu yana maƙabartar da ke bayan layin dogo.
Jikata na wasa da sammai dubu a tafin hannunta
ba ta biyan ko kwabo.

Allon yana wurina, a naɗe cikin tsohon rawani.
Wani lokaci nakan buɗe in duba:
yatsu biyu, kafaɗa da kafaɗa,
kamar baƙi biyu a sahu ɗaya
da ba su ji yaren juna ba.